TARIHIN TASSA DA FARASHIN FAKO A ƘASAR ADAR

Tarihin da za mu taɓo yau na ruwan sama ne da kuɗi.

Duk wanda ya bi hanyar Tsarnawa zuwa Tawa da rani ya ga filaye a wajejen Badagishiri an huhhuda su da ramuka jeri-jeri, wasu kuma an yi masu siffar rabin wata. Yaran yanzu haka suka tashi suka tarar da su, har suna zaton tun kaka da kakanni haka ƙasar take. To, yawancin wannan aiki daga 1989 ya faro. Kafin lokacin, akwai filayen da ko kyauta aka ba mutum sai ya yi godiya kawai ya wuce. Bayan shekara biyar, waɗannan filayen ne aka koma ana ciniki a kansu har da shaidu. Yadda aka yi haka ta faru shi ne labarinmu.

LISSAFIN RUWAN DA KE WUCE MU

Bari mu fara da lissafin da kowa zai iya yi da kansa. Idan aka ce an yi ruwa milimita 1, to kowace hekta ta samu lita 10,000, wato duro 50 mai cin lita 200. A shekara mai matsakaicin ruwa, ƙasar Illela kan samu milimita 400 zuwa 450, Ƙonni kuma ta ɗan fi haka. Mu ɗauki 400 ɗin. Ke nan hekta guda tana karɓar duro 20,000 a damana ɗaya, Allah ya sauko da shi kyauta, ba kuɗin mai, ba kuɗin guga.

Matsalar ita ce inda ruwan yake sauka. In jigawa ce, tana shanyewa. In fako ne, ƙasar da samanta ya daskare kamar an yi masa daɓe, rabin ruwan ko fiye da rabi gangarawa yake yi. Cikin awa guda ya bar dabagi ya faɗa korama, ya kwashi ƙasa mai kyau da ɗan takin da dabbobi suka bari, ya je ya yanke gonar wani a fadama, ya binne shukar wani da yashi. Mai fako ya yi asarar ruwa, mai fadama ya yi asarar gona. Shi ya sa dattawa ke cewa akwai shekarar da aka yi ruwa amma aka yi fari.

YADDA FAKO YA YI YAWA

Mutanen Adar ba baƙin dabara ba ne. Tun kafin zuwan Nasara suna jera duwatsu a gona don tare ƙasa, suna shimfiɗa kara a wurin da ya fara mutuwa. Ita kanta tassa an san ta: ɗan rami ne ƙarami da ake sara da kalme a inda iri ya ƙi fita. Amma a wancan zamani ƙasa tana da yawa, mutane kaɗan ne. Gona in ta gaji sai a bar ta ta huta shekaru, a sari wata.

Abubuwa biyu suka rushe wannan tsari. Jama'a ta ƙaru har hutun gona ya gagara, aka haura dabagi da gindin duwatsu ana sassabe, aka sare itatuwa don girki da gini. Sai kuma fari ya biyo baya. Kakanninmu sun ba da labarin Kakalaba ta 1913 zuwa 1914. Iyayenmu sun ga ta 1973 zuwa 1974, wadda tana cikin dalilan da Seyni Kountché ya kafa lokacin da ya karɓi mulki ranar 15 ga Afrilu 1974. Da yawa daga cikin masu karanta wannan rubutu kuwa sun ga ta 1984 da idonsu, wadda aka laƙaba wa suna El-Buhari saboda ta zo daidai da rufe iyakar Najeriya. Ga rumbu ba hatsi, ga hanyar Illelar Amarawa da Sakkwato a rufe. Garuruwa da yawa a Adar sun wayi gari daga mata sai tsofaffi da yara, maza duk sun tafi bida.

A watan Mayu na 1984 ɗin ne gwamnati ta kira babban taro a Maradi kan yaƙi da hamada. Daga nan aikin farfaɗo da ƙasa ya zama maganar ƙasa baki ɗaya.

ZAMANIN KATAFILA DA BARAJI

Dabarar farko da hukuma da masu ba da agaji suka kawo ita ce ta manyan injuna. Tun shekarun 1960 da 1970 an yi ta ɗaga kunyoyin ƙasa a kwarin Majiya da wajejen Badagishiri. Ma'aikata su zo su auna, a yi aikin, a biya ƴan ƙwadago, a tafi. Bayan damana biyu ko uku ruwa ya fasa kunyar, ba mai gyarawa, don manomi yana ganin kayan furoje ne. A Yatenga ta ƙasar Burkina ma haka aka yi tsakanin 1962 da 1965: aka bi kusan hekta 120,000 da injuna, cikin ƴan shekaru yawancin aikin ya shafe.

Dabara ta biyu ita ce a tare ruwan a ƙasa, a cikin gulbi. Tsakanin 1976 da 1982 aka gina babban filin noman rani na Ƙonni kashi biyu, hekta 2,452. Aka datse Majiya a Mozage da Zango, aka ja ruwan ta babbar hanyar siminti mai tsawon kusan kilomita 15 zuwa matattarar Cerasa, daga nan a rarraba shi cikin gonaki. Hukumar ONAHA da aka kafa a 1978 ita ke kula da irin waɗannan filaye. A farkon shekarun 1980 Galmi ma ta samu nata, kusan hekta 250. Babu mai musun alherin waɗannan ayyuka. An ci alkama da auduga da dawa da albasa, dubban gidaje sun rayu da su. Sai dai kowace hekta ta ci dubban dalolin Amurka kafin ta fara ba da ko tiya guda, kuma mutanen da suka samu fili a ciki kaɗan ne in aka kwatanta da masu noman tudu.

Dabara ta uku ita ce ta Keita, wadda ta fara a 1984 da kuɗin ƙasar Italiya, hukumar FAO tana gudanarwa, PAM kuma tana ba da abinci a matsayin ladan aiki. Mata ne suka fi yawa a filin aikin, su ne suka ɗauki duwatsu a ka suka haƙa ramuka a jikin tsaunuka. An farfaɗo da fiye da hekta 30,000, an dasa miliyoyin itatuwa, an gina madatsun ruwa da dama. Aiki ne da duniya ta yaba. Amma manomi guda ba zai iya kwaikwayonsa a gonarsa ba, don yana bukatar tarakta da manyan motoci da buhunan abinci.

TAFIYAR YATENGA

A 1988 aka buɗe wani furoje na kiyaye ƙasa da ruwa a gundumar Illela, cibiyarsa a Badagishiri, da kuɗin asusun bunƙasa noma na duniya da aka sani da FIDA. A takardar shirin an rubuta jeren duwatsu da rabin wata. Ba a ma ambaci tassa ba.

A 1989 furojen ya ɗauki manoma 13, maza 10 da mata 3, ya kai su Yatenga su ga abin da takwarorinsu ke yi. A can manoman Mosi, irin su marigayi Yacouba Sawadogo na garin Gurga kusa da Wahiguya, sun ɗauki tsohon raminsu da suke kira zai sun gyara shi. Sun faɗaɗa shi ya kai santimita 20 zuwa 30, sun zurfafa shi, ƙasar da aka fidda kuma ana tara ta a gefen gangare don ta tare ruwa. Babban sirrin shi ne taki: tun da rani ake zuba cikin hannu ɗaya ko biyu a kowane rami. Gara ta ji ƙanshin taki sai ta zo ta huda ƙasa ta yi hanyoyi, in ruwa ya sauka ya bi hanyoyin nan ya nutse. Garar da manomi ke tsine wa ita ta koma yi masa aiki ba lada.

Hausawa sun ce gani ya kori ji. Mutanen namu suka duba suka ce, ai wannan tassarmu ce aka yi wa gyara. Da suka dawo, wasu suka gwada a kusan hekta 4. A 1990 aka yi hekta 70. Sai Allah ya sa damanar 1990 ta zo da ƙarancin ruwa. Gonaki da yawa ba a ɗaure ko dami ba, amma waɗanda aka yi wa tassa suka ba da hatsi, kuma a bakin hanya suke, kowa yana wucewa yana gani. Daga nan ba a bukaci mai wa'azi ba. Zuwa 1995 an ƙidaya kusan hekta 3,800 na tassa. A 1998, bayan kashin farko na furojen ya ƙare, binciken da aka yi ya nuna filin da aka farfaɗo a gundumar ya kai wajen hekta 9,000. Wato aikin ya ci gaba da yaɗuwa ba tare da ana biyan kowa ba.

Abin lura a nan shi ne furojen Badagishiri bai mai da rabon abinci ƙa'ida ba, sai a shekarar yunwa. Kayan aiki yake bayarwa, da horo, da taimakon ayyukan gari irin su rijiya da aji. Wanda ya haƙa tassa don kansa ya haƙa, shi ya sa da rani ya zagayo ya koma ya gyara abinsa.

RIBAR TANA INA?

Ma'aikatan furojen sun auna amfanin gona shekara shida, daga 1991 zuwa 1996, kuma Abdou Hassane da Pierre Martin da Chris Reij sun fitar da sakamakon a 2000. Filin da ba a yi wa komai ba ya ba da matsakaicin kilo 125 na hatsi a hekta. Wanda aka yi wa tassa da takin gida ya ba da kilo 513. Wanda aka ƙara wa takin zamani a kai ya ba da kilo 765. Rabin wata ma kusan haka ya bayar. A 1996, filin da ba tassa kilo 11 kacal ya bayar, ko irin da aka shuka da ƙyar ya mayar, mai tassa kuwa ya haura kilo 500.

Mu mai da shi lissafin kasuwa. Bambancin 513 da 125 shi ne kilo 388, kusan buhu 4 ke nan, ko tiya 155. Mutum guda yana cin kilo 200 zuwa 250 na hatsi a shekara. Ashe hekta guda ta tassa tana ƙara wa gida cimakar kusan mutum biyu, ban da kara da harawa na dabbobi. Kowa ya ɗauki farashin buhu a kasuwar Badagishiri ko ta Gidan Iddar a watan Yuli, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, ya ninka sau huɗu, ya ga abin da ake magana.

To amma ba a banza ake samu ba. Hekta guda tana cin rami 10,000 ko fiye, a ƙasa mai tauri, a zafin watan Maris da Afrilu. Aikin makonni ne ga mutum guda, kuma lokacin ne samari ke wurin cin rani. Ga maganar taki: in kowane rami zai samu rubu'in kilo, rami 10,000 zai ci tan biyu da rabi, sai an yi sawu da yawa da amalanke. Wanda ba shi da dabba ba shi da amalanke, sai ya saya ko ya roƙa. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Takin zamani kuwa ya ƙara tsada bayan karyewar darajar sefa a watan Janairu 1994, kuma a shekarar da ruwa ya yi ƙaranci yana iya ƙone shuka. Tassa ba ta son jigawa, don yashi yana cike ramin. A shekarar da ruwa ya yi yawa kuma, ramin kan cika har shukar ta ruɓe. Bayan shekara biyu ko uku sai an sake haƙa.

Duk da haka, da aka haɗa dukan abin da furojen ya kashe aka raba da filin da aka farfaɗo, hekta guda ta tsaya a kusan dalar Amurka 250. Ku kwatanta da dubban dalolin hekta guda ta baraji. Shi kuwa manomi, a shekara mai kyau damana ɗaya tana iya mayar masa da kuɗin ƙwadagon da ya biya.

DA FAKO YA SHIGA KASUWA

Nan ne tarihin ya juya. Da mutane suka gane cewa fako yana iya komawa gona cikin rani guda, sai fako ya yi kuɗi. Tsakanin 1992 da 1994 farashinsa ya ninka. A binciken 1998, kusan kashi 40 cikin 100 na magidantan da aka tambaya sun ce sun sayi mataccen fili don su gyara. Wata sana'a ma ta fito: samari suka ƙware a haƙar tassa, suna bin gari gari ana biyansu, wasu har suka fasa tafiya bida a wannan rani.

Amma in akwai mai saye, akwai mai sayarwa. Wa ke sayarwa? Galibi wanda yunwa ta matsa wa, ko rashin lafiya, ko biki, wanda ba shi da ƙarfin haƙa ba shi da taki. Wa ke saye? Ɗan kasuwa, da mai dabbobi, da wanda bida ta yi wa kyau. Sai ka ga mutum ya sayar da fakon gado da arha, bayan shekara uku yana ƙwadago a cikinsa, hatsi ya fi shi tsawo. Daga nan rigingimu suka taso. Filin da aka ba da aro shekara 20 ba wanda ya waiwaye shi, da ya yi kore sai magada suka tuna da shi. Makiyaya su ma suka tarar dabagin da suke kiwo da damana ya koma gona, wani wurin har burtali ya matse.

Dokar tsarin karkara ta ranar 2 ga Maris 1993 ta kafa kwamitocin filaye, waɗanda muke kira Kofo, don a riƙa rubuta saye da aro da jingina da kyauta. Jama'a, duk wanda zai zuba guminsa a fako, ya fara samun takarda. Wanda zai sayar kuma ya tuna cewa abin da yake sayarwa ya haɗa da duro 20,000 na ruwa da ke sauka a kan kowace hekta duk shekara.

RIJIYOYIN BATODI

Akwai wata riba da ba a sa ta cikin lissafin farko ba, don a ƙarƙashin ƙasa take. Garin Batodi na gundumar Illela yana cikin garuruwan da suka fi rungumar tassa da rabin wata. A 1994 ana samun ruwa a rijiyoyinsu a zurfin kusan mita 18. A 2004 ruwan yana mita 4. Mita 14 ke nan ya hau cikin shekara 10. Da masu bincike suka tambayi mutanen garin dalili, suka ce ikon Allah ne. Gaskiya suka faɗa, kuma Allah ya sanya wa komai sababi: ruwan da a da yake gudu zuwa korama, yanzu dubban ramuka suna riƙe shi har ya nutse. Damunan da suka biyo bayan 1994 ma sun fi na shekarun 1980 ruwa, wannan ya taimaka, kuma yanayin dutsen da ke ƙarƙashin kowane gari daban ne, don haka ba ko'ina ruwa zai hau kamar na Batodi ba.

Me mita 14 ke nufi a aljihu? Matar da ke jan guga daga mita 18 tana jan igiya fiye da ninki huɗu na wadda ke ja daga mita 4. Haƙa rijiya mai mita 5 da ɗaure ta da siminti abu ne da gida guda zai iya, mai mita 20 kuwa sai gari ko furoje. Sannan ƙaramin injin ban ruwa da ake ajiyewa a bakin rijiya ba ya iya zuƙo ruwa daga zurfin da ya wuce mita 7 zuwa 8, ko wane iri ne. Don haka ruwan da ke mita 18 na sha ne kawai, wanda ke mita 4 kuwa na lambu ne. Haka aka yi a Batodi: mata suka buɗe lambuna a garin da a da ruwan sha ma wahala yake, aka fara fitar da albasa da kayan miya zuwa kasuwa.

Wannan dabara ce Jamusawa suka faɗaɗa a kwaruruwan jihar Tawa tun ƙarshen shekarun 1990, da gajerun katangun dutse da siminti da ake gittawa a korama. Katangar ba ta tara ruwa kamar baraji. Rage masa gudu take yi, ta baza shi a fadama ya kwana ya nutse. Ruwan da ke cikin baraji rana da iska suna shan kusan mita 2 daga samansa kowace shekara a irin ƙasarmu. Wanda ya shiga ƙarƙashin ƙasa kuwa yana nan a ajiye sai an zo da guga.

NA TUDU DA NA GANGARE

Yanzu mu koma Ƙonni. Ƙasar da ruwa ke kwasowa daga fakon Adar ba ɓacewa take yi ba. Tana tafiya cikin Majiya ta kwanta a gindin Mozage da Zango. Shekara bayan shekara laka ta ci wurin ruwa, hanyoyin siminti suka tsufa, filin da ake iya nomawa da rani ya ragu ƙwarai. A 2016 Nijar da hukumar MCC ta Amurka suka sa hannu kan yarjejeniyar dalar Amurka miliyan 437, kuma gyaran filin Ƙonni yana cikin manyan ayyukanta, har da aikin tare zaizayar ƙasa a kewaye. Ashe manomin da ke haƙa tassa a tudu yana yi wa mai fili a Ƙonni aiki, ko da ba su san juna ba: duk kwandon ƙasar da ya tsaya a gonarsa, kwando ne da bai shiga baraji ba.

Ta ɗaya gefen kuma, ruwan da aka riƙe a sama ba ya isa ƙasa. Majiya ba ta tsaya a Ƙonni ba, tana ƙetara iyaka ta zuba a tabkin Kalmalo kusa da Illela ta jihar Sakkwato, kuma mutanen can sun daɗe suna kukan tabkin ya ja baya. Saboda irin wannan ne Nijar da Najeriya suka sa hannu a Maiduguri ranar 18 ga Yuli 1990 kan raba ruwan da suka haɗa, kuma Majiya tana cikin gulabe huɗu da yarjejeniyar ta ambata, tare da gulbin Maradi.

Ga kuma albasa. Sunan Galmi ya kai Abijan da Akara da Kwatano saboda albasarta, kuma yau daga Galmi zuwa Tsarnawa har Ƙonni injunan ban ruwa da rijiyoyin burtsatse ba su ƙidayuwa, ga na hasken rana sun shigo, waɗanda ba sa cin mai balle mutum ya ji zafin barinsu a kunne. Hekta guda ta albasa tana shan ruwan da ya kai ko ya fi wanda sama ke zubarwa a kanta a damana guda. Daga cikin ruwan da ya nutse a tudu kuwa, kaɗan ne ke kaiwa ga rijiya, saura shuka da rana sun shanye. Ke nan kowace hekta ta albasa tana rayuwa ne da ruwan hektoci masu yawa na tudu. Ruwan ƙasa kamar rumbu yake: in masu ɗiba sun fi masu zubawa, wata rana za a ji hannu ya taɓa ƙasa. Mai lambun da ya ga kowace shekara yana ƙara wa tiyo tsawo, ko yana sauke injinsa cikin rami don ya kamo ruwa, ya riga ya ga alamar.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

Yau ana yin rabin wata a wurare da yawa da kuɗin ƙungiyoyi, ana biyan mutane kuɗi ko abinci. Yana da amfani, musamman a filin kiwo na kowa da kowa da a shekarar yunwa. Amma tarihin Badagishiri ya nuna aikin da ya daɗe shi ne wanda mai gona ya ga ribarsa a rumbunsa, kuma ya tabbata ba za a ƙwace masa filin ba.

Akwai abubuwan da ba sai mun jira furoje ba. Kowane gari zai iya zaɓar rijiya biyu ko uku a riƙa auna zurfin ruwansu da igiya sau biyu a shekara, bayan kaka da kuma ƙarshen rani, a rubuta a littafi a ajiye wurin maigari ko a makaranta. Da ba a san zurfin rijiyoyin Batodi na 1994 ba, da ba wanda zai iya faɗin abin da ya faru a 2004. Ƙungiyoyin masu albasa da na filin Ƙonni za su iya zama da garuruwan tudu a yi maganar gayyar haƙa tassa da jera duwatsu, ko taimakon amalanke da taki, tunda ruwansu daga can yake fitowa. Ƴan bida masu aiko da kuɗi gida kuma, kafin a sayi fakon maƙwabci da yunwa ta kama, a duba ko za a iya biyan ƴan ƙwadago su gyara na gida, ko a ba shi rancen da zai riƙe nasa.

Dattawan da suka ga 1984 da 1990 suna nan da ransu a garuruwanmu. Ku tambaye su nawa aka sayar da fako a lokacin, kuma rijiyar garinku gaba nawa take a da, gaba nawa take yanzu. Ku rubuto mana amsar a ƙasa tare da sunan garin, mu haɗa mu ga inda ruwanmu ya dosa.

Allah ya ba mu damana mai albarka, ya sa mu ga kaka lafiya.